Kada Kabarin Mawaƙi Ya Danne Waƙarsa: Tsokaci a Kan "Love Will Tear Us Apart"

Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe yana duba kundayen ɗalibai a fagen nazarin waƙa ya saba da tsari guda. Bayan gabatarwa da bitar ayyukan magabata, sai babin tarihin mawaƙi: haihuwarsa, ƙuruciyarsa, iyalinsa, yadda ya fara waƙa, da rasuwarsa idan ya riga mu gidan gaskiya. Daga nan ne ake shiga jigo da salo da zubi da tsari. Tsarin ba shi da aibi, mu ma da shi aka rene mu. Inda gizo ke saƙar shi ne, sau da yawa ɗalibi yakan fito daga babin tarihi da amsarsa a aljihu, sai ya shiga waƙar yana laluben baitocin da za su gaskata hukuncin da ya riga ya yanke. Idan kuwa mawaƙin ya yi ƙarshe mai ban tausayi, to kowane ɗango ya zama ishara ga wannan ƙarshen, ko da an rera shi tun ana zaune lafiya.

Domin in nuna illar wannan ɗabi'a na zaɓo misali daga nesa, kuma da gangan na yi. Da zan ɗauko mawaƙin da muke ƙauna a gida, son zuciya zai shiga tsakani kafin a gama jin hujja. Waƙar da zan yi magana a kanta ta wasu samari huɗu ce ƴan ƙasar Ingila, masu ƙungiyar kiɗa da ake kira Joy Division. Sunanta "Love Will Tear Us Apart". Ta fito a faifai cikin watan Yunin 1980, kimanin wata guda bayan mutuwar wanda ya rubuta ta kuma ya rera ta, wato Ian Curtis, yana ɗan shekara 23. Ra'ayina shi ne mutuwar nan ta yayata sunan waƙar, amma ta rage mata masu saurare na haƙiƙa. Abin da ya sa ta cancanci nazari yana cikin kalmominta da kiɗanta, kuma yana nan tun mai ita na da rai.

Mene Ne Kiɗan Bayan-Pank?

A tsakiyar shekarun 1970 wani salon kiɗa ya ɓullo tsakanin matasan Amurka da Birtaniya, ana ce masa pank. Kiɗa ne gajere, mai sauri, mai hayaniya, wanda ba ya buƙatar gwaninta mai yawa. Saƙonsa na bore ne ga sarauta da gwamnati da manyan kamfanonin faifai da duk mai cewa yaro ya yi shiru. Ƙungiyar Sex Pistols ce ta fi shahara da shi a Ingila. Ranar 4 ga Yunin 1976 ta yi wasa a wani ƙaramin zaure a birnin Manchesta. Mahalarta ba su da yawa, amma a cikinsu akwai wasu abokai biyu daga garin Salford, Bernard Sumner da Peter Hook, waɗanda suka fito suna cewa in dai wannan ne kiɗa, su ma za su iya. Washegari Hook ya sayi jita.

Pank wutar kara ce, ta ci da sauri ta lafa. A farkon 1978 Sex Pistols ta watse. Matasan da suka biyo baya sun riƙe ƴancin da pank ya koya masu, wato kowa na iya kama kayan kiɗa ya faɗi abin da ke ransa, amma sun gaji da ihu kurum. Suka rage hayaniya, suka bar sarari tsakanin sautuka, suka shigo da na'urorin lantarki, suka kuma karkata ga jigogi masu nauyi irin su kaɗaici da tsoro da laifin kai. Wannan sabon yayi shi aka raɗa wa sunan da za mu iya fassarawa da bayan-pank. Ƙungiyoyi irin su Public Image Ltd da Wire da Gang of Four da The Fall duk ƴan wannan zamani ne. A taƙaice, mawaƙin pank yatsa yake nuna wa wani, shi kuwa na bayan-pank hannu yake ɗorawa a ƙirjinsa.

Muhallin ma ya taimaka. Manchesta garin masaƙu ne, wanda yadinsa ya daɗe yana cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Amma a ƙarshen shekarun 1970 yawancin masaƙun sun rufe, gine-ginensu sun zama kufai, aikin yi ya yi wuya. Hunturun 1978 zuwa 1979 ya zo da yajin aiki iri-iri a faɗin Birtaniya, sannan Margaret Thatcher ta hau mulki a watan Mayun 1979. A cikin wannan yanayi ne wani ma'aikacin talabijin mai suna Tony Wilson da abokansa suka kafa ƙaramin kamfanin faifai na Factory Records, wanda ya fitar da kundin waƙoƙin Joy Division na farko, *Unknown Pleasures*, a watan Yunin 1979.

Mai Waƙar

Tun da na soki yadda ake amfani da tarihin mawaƙi, wajibi ne in kawo shi yadda yake, don kada a ce na ɓoye hujjar abokin hamayya. An haifi Ian Curtis a watan Yulin 1956, ya tashi a garin Macclesfield, kudu da Manchesta. Ya yi aure a watan Agustan 1975 yana ɗan shekara 19, amaryarsa Deborah tana 18. Ma'aikacin gwamnati ne, a ofishin samar wa mutane aiki, inda yake taimaka wa masu naƙasa. Da rana yana ofis, da dare yana waƙa tare da Sumner da Hook da makaɗin gangunansu Stephen Morris.

A ƙarshen 1978 farfaɗiya ta buge shi a hanyarsu ta dawowa daga wasa a Landan, likitoci kuma suka tabbatar da ciwon a watan Janairun 1979. A watan Afrilun wannan shekara aka haifa masa ƴa. Ciwon ya yi ta tsananta daidai lokacin da sunan ƙungiyar ke bunƙasa. Rashin barci da tafiye-tafiye da fitilu masu walƙiya na dandalin wasa duk abubuwa ne da ke tayar da farfaɗiya, kuma su ne sana'arsa ta tanadar masa. Magungunan da yake sha masu nauyi ne, suna taɓa yanayin zuciya. Akwai lokutan da ciwon ya kama shi a gaban jama'a, wasu ƴan kallo suka ɗauka rawa ce, domin rawarsa dama ta fizge-fizge ce. Aurensa ya shiga garari, ya shaƙu da wata ƴar jarida ƴar ƙasar Beljiyam, matarsa kuma ta nemi rabuwa. Ranar 18 ga Mayun 1980, ana shirin tafiyarsu ta farko zuwa Amurka, ya ɗauki ransa da kansa.

Wannan shi ne labarin. Yanzu mu ajiye shi a gefe, mu ji abin da waƙar ke cewa.

Jigon Waƙar

Mu fara da suna. Idan aka fassara shi kai tsaye za a ce, so ne zai raba mu. Amma aikatau ɗin da aka yi amfani da shi a Ingilishi ya fi "raba" zafi. Kalma ce da ake yi wa ƙyalle ko takarda, daidai da "yaga" ko "keta" a Hausa. Bahaushe yana raba faɗa, yana raba gado, yana raba goro, duk cikin lalama, kuma abubuwan da ake rabawa dama a rarrabe suke ko sun yarda da rabo. Yagawa kuwa abu guda ake yi wa, kuma ba a yaga zane a sami gefe mai kyau. Ke nan zaɓen kalmar kaɗai ya gaya mana cewa mutanen nan biyu sun riga sun zama ƙyalle ɗaya, kuma kowannensu zai fita da zare a zazzage. Ɗalibin fassara ya lura da wannan, domin wanda ya tsaya a "raba" ya zubar da rabin ma'ana.

Abu na biyu shi ne wanda ya yi aikin. A jimlar, so ne aikau, masoyan kuwa karɓau ne. Wannan mutuntarwa ce, amma ta juya wadda muka saba da ita. A yawancin waƙoƙin soyayya da muke ji, namu da na wasu, so ne mai haɗawa, mai rabawa kuma wani ne daga waje: mahassada, ko iyaye, ko talauci, ko mai kuɗin da ya yi shigar sauri, ko kishiya. A wannan waƙa babu mutum na uku ko a baiti ɗaya. Babu maƙiyi, babu magulmaci. Abin da ya haɗa su shi ne ke yaga su. Manazarta da dama suna kallon sunan a matsayin martani ga wata waƙar Amurka da ta yi tashe a 1975, "Love Will Keep Us Together", wadda wasu ma'aurata da ake kira Captain & Tennille suka rera, mai alkawarin cewa so zai riƙe masoya tare. Curtis ya ɗauki ginin jimlar ya kifar da shi.

Waƙar tana da baiti uku, kowanne amshi na biye da shi. Baitin farko yana kallon zaman daga nesa: rayuwar yau da gobe ta zama nauyi, buri ya dusashe, ƙullaci ya taru, kowa ya fara bin tasa hanya. Baiti na biyu ya matso da mu cikin ɗakin kwana, inda mutum biyu ke kan shimfiɗa ɗaya amma an juya wa juna baya, girmamawa ta ƙafe, duk da haka akwai sauran wani abu da ke jan su ga juna. Baiti na uku ya shiga tsakar dare, ya kuma shiga cikin ran mai magana, inda yake ganin kasawarsa a fili, yana mamakin yadda abu mai kyau irin wannan ya daina tafiya. Wato zubin waƙar tafiya ce daga waje zuwa ciki: daga gida zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa zuciya.

Akwai abubuwa biyu na salo da nake so ɗalibi ya riƙe. Na farko, mai maganar bai ɗora wa abokiyar zamansa laifi ba. Inda ya yi tuhuma, tambaya ya yi, kuma kansa ya fi tuhuma. Na biyu, a ƙarshen amshin an ƙara wata ƴar kalma mai nuna maimaici, wadda babu ita a sunan waƙar. Ita ce ke sanar da mu cewa wannan yagewa ba yau ta fara ba: an saɓa, an shirya, an ɗinke, za a kuma sake yagewa. Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Waƙar ta ɗauki wannan gaskiya ta kai ta inda ta fi ciwo, wato inda son bai mutu ba amma zaman ya gagara. Da son ya ƙare, da rabuwar ta zo da sauƙi.

Wannan shi ne jigon, kuma mai karatu zai lura cewa babu mutuwa a cikinsa. Waƙar aure ce. Waƙa ce ta shekarun da ke biyo bayan biki, bayan an kwashe kujeru, ƴan rakiyar amarya sun koma gidajensu. Mawaƙan soyayya sun fi son tsayawa a bakin ƙofa, wajen bege da zance da alkawari, domin nan ne kasuwa take. Kaɗan ne ke shiga ɗakin su faɗi abin da suka gani ba tare da sun koma wa'azi ko zambo ba.

Kiɗan da Ya Saɓa wa Kalmomi

Wanda bai ji Ingilishi ba, idan aka kunna masa waƙar nan zai iya ɗauka ta murna ce. Gangunan Morris suna gudu ba tsayawa. Karin waƙar mai daɗi ne, mai sauƙin kamawa, irin wanda yaro zai ji sau biyu ya tafi yana fito da shi. Babbar jitar nan mai kaurin murya, wadda a al'ada aikinta riƙe gindin kiɗa ne daga baya, ita ce Hook ya fito da ita gaba tana ɗauke da karin. Shi da kansa ya sha bayyana cewa ya koyi kaɗa ta a saman wuyanta ne domin amsa-kuwwarsa ta farko ba ta da kyau, ba ya jin ƙananan sautuka. Sumner kuwa ya kama fiyanon lantarki mai kwaikwayon sautin goge. A amshi, murya da jita da fiyano duk kari ɗaya suke bi. Muryar Curtis a ƙasa take, a natse, babu kuka babu ihu, kamar mai ba da labarin abin da ya riga ya haƙura da shi.

Wannan saɓani tsakanin kiɗa da kalmomi shi ne ƙashin bayan waƙar. Da an ɗora kalmomin a kan kiɗan makoki, da sun zama koke, mai saurare ya tausaya ya wuce. Da aka ɗora su a kan kiɗan rawa, sai waƙar ta yi kama da abin da take siffantawa: gidan da daga waje lafiya lau, ana gaisawa da maƙwabta, ana zuwa suna da biki tare, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Darasi ga mai nazarin waƙar baka shi ne, matanin da aka rubuta a takarda rabin waƙa ne. Wanda ya yi sharhin jigo bai saurari kiɗa da rauji ba, zai iya kuskuren inda ma'anar ta kwanta.

Yadda Mutuwa Ta Sake Rubuta Waƙar

Mu duba jerin kwanakin. Joy Division ta fara rera waƙar nan a gaban jama'a cikin kakar 1979. A watan Nuwamban wannan shekara ta ɗauke ta domin shirin John Peel na gidan rediyon BBC. An ɗauke ta a situdiyo sau biyu, a garin Oldham cikin Janairun 1980, sannan a garin Stockport cikin Maris, ƙarƙashin mai tace sauti Martin Hannett. Ke nan waƙar ta kammala, jama'a sun ji ta, sun yi rawa da ita, watanni kafin ranar 18 ga Mayu.

Amma faifan bai shiga kasuwa ba sai a Yuni, kuma bangonsa ya yi kama da allon kabari. Kundinsu na biyu, *Closer*, da ya fito a Yuli, hoton wani kabari ne daga wata maƙabarta a birnin Genoa na Italiya a bangonsa. Mai zanen, Peter Saville, ya tsara waɗannan tun Curtis na raye, amma mai saye bai san haka ba. Faifan ya kai matsayi na 13 a jerin waɗanda suka fi ciniki a Birtaniya, abin da ƙungiyar ba ta taɓa samu ba. Daga baya aka sassaƙa sunan waƙar a kan dutsen tunawa da shi a maƙabartar Macclesfield. Tun daga nan waƙar aure ta zama wasiyya a kunnen duniya.

Ga wata tambaya da nake so ɗalibi ya yi wa kansa. Ma'auratan nan na Amurka da suka rera cewa so zai riƙe su tare, sun rabu a 2014. Shin akwai manazarcin da ya ce rabuwarsu ta canza jigon waƙarsu, ta mayar da ita waƙar saki? Babu. Kowa ya yarda cewa abin da ya faru da su bayan shekara kusan arba'in bai shiga baitocinsu ba. To me ya sa muke yarda abin da ya faru da Curtis bayan ya gama waƙarsa ya koma ciki ya zauna? Amsar ita ce mutuwa ta fi saki jan hankali, mu kuma muna son labari mai ƙarshe.

Hujjar Masu Ganin Akasin Haka

Adalci ne in kawo abin da za a iya mayar mini da shi, domin yana da ƙarfi. Za a ce: ai auren da waƙar ke magana a kai nasa ne, matarsa ta rubuta littafi a 1995, *Touching from a Distance*, ta bayyana irin zaman da suka yi, ita ce kuma ta zaɓi a sa sunan waƙar a dutsensa. Za a ƙara da cewa abokan kiɗansa sun faɗa a hirarraki daban-daban cewa ba su mai da hankali ga kalmomin waƙoƙinsa ba sai bayan ya mutu, sa'annan suka ga ashe ya daɗe yana faɗin halin da yake ciki. Idan haka ne, ashe raba waƙa da rayuwar mai ita shi ne kuskuren da aka yi tun farko?

Na yarda da rabin wannan magana. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ban ce waƙar daga sama ta faɗo ba. Tarihin mawaƙi yana gaya mana inda ya samo itacen da ya sassaƙa. Sai dai sanin dajin da aka saro itace ba ya gaya maka ko turmi aka yi da shi ko kujera, sai ka dubi abin da ke gabanka. Dubban mutane sun shiga irin halin da Curtis ya shiga a aure, ba su bar mana baiti ko ɗaya ba. Abin da ya bambanta shi da su shi ne aikin da ya yi da harshe: zaɓen aikatau, juya aikau da karɓau, cire mutum na uku, ƙara kalmar maimaici. Wannan aiki ne na mai hankali a farke, kuma rage masa daraja ne a ce ciwo ne kawai ke magana ta bakinsa.

Game da abokansa kuwa, a ganina labarinsu hujjata yake ƙarfafawa. Kuskurensu shi ne sun ji kiɗa ba su saurari kalmomi ba. Kuskuren masoyan da suka zo daga baya shi ne sun ji labarin mutuwa ba su saurari kalmomi ba. Duka biyun sun bar matani sun kama wani abu. Da an saurari mutumin da kyau yana raye, da an ji mai neman taimako. Da an saurari waƙar da kyau bayan ya tafi, da an ji mai magana a kan aure.

Akwai kuma wata illa da ta wuce ta nazari. Idan muka mayar da mutuwar mawaƙi hatimin gaskiyar waƙarsa, muna koya wa matasa cewa ƙunci ado ne, kuma wanda ya hallaka kansa ya fi wanda ya jure zurfin tunani. Wannan ƙarya ce mai haɗari. Abin da ya faru a Macclesfield ba shi da wani kyau: saurayi ne marar lafiya, mai fama da farfaɗiya da baƙin ciki mai tsanani, wanda aka ci gaba da ɗora wa aiki lokacin da hutu da magani yake buƙata, ya bar matashiyar mata da jaririya ƴar shekara guda. Mu da muke zaune a cikin al'ummar da har yanzu wasu ke ɓoye mai farfaɗiya a ɗaki, suna gudun yawunsa, suna danganta ciwon da iskoki, alhali ciwon ƙwaƙwalwa ne da ake samun sauƙinsa da maganin asibiti, mu ne ya fi kamata mu karanta labarin nan a matsayin labarin rashin lafiya da sakaci.

Gadon da Ta Bari

Sauran ukun ba su daina kiɗa ba. Sun sauya suna zuwa New Order, suka karkata ga kiɗan rawa na lantarki, kuma waƙarsu "Blue Monday" ta 1983 ta yi cinikin da ya shiga tarihi. Wanda ya saurari fiyanon da ke cikin "Love Will Tear Us Apart" zai ji cewa hanyar da suka bi daga baya tun a nan ta faro. Ita kanta waƙar ta sake shiga jerin faya-fayen ciniki a Birtaniya a 1983 da 1995. A 2002 mujallar kiɗa ta NME ta zaɓe ta a matsayin waƙar faifai mafi daraja da aka taɓa fitarwa. A 2007 Anton Corbijn ya shirya fim a kan rayuwar Curtis mai suna *Control*. A 2008 kuma wani ya sace dutsen da ke maƙabartar, sai da aka sa wani. Wannan sata ita ce ƙarshen inda bautar kabari ke kai mutum.

Amma gadon da ya fi ba ni sha'awa yana wajen waɗanda suka ɗauki waƙar ba tare da kabarin ba. Paul Young ya rera ta a 1983 da salo mai taushi. Ƙungiyar Nouvelle Vague ta Faransa ta mayar da ita kiɗan bosa-noba na ƙasar Birazil a 2004, da muryar mace, kuma ma'anar ba ta zube ba. Magoya bayan Manchester United, kulob ɗin da matasanmu suka sani kamar yunwar cikinsu, sun ɗauki karin amshin suka sa sunan ɗan wasansu Ryan Giggs a gurbin so, suna yi wa abokan hamayya barazana da shi a filin ƙwallo. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma haka ne. Sai dai gwajin ƙarfin waƙa shi ne ta fita daga bakin mai ita ta rayu. Da mutuwar Curtis ce kaɗai ke riƙe da wannan, da ba ta jure bakin wata mawaƙiya ko na dubban ƴan kallon ƙwallo ba.

Kammalawa

Shawarata ga ɗalibi mai shirin rubuta kundi a kan kowane mawaƙi, na gida ko na waje, guda uku ce. Da farko, ka saurari waƙar sau da yawa, ka rubuta matanin, ka fitar da jigo da salo daga abin da ke cikinta, kafin ka buɗe tarihin mai ita, ko da kuwa a kundin babin tarihi ne zai riga zuwa. Na biyu, idan ka zo ga tarihi, ka jera kwanaki: yaushe aka yi waƙar, yaushe abin da kake son danganta ta da shi ya faru? Abin da ya zo bayan waƙa ba ya zama sanadinta. Na uku, duk inda ka ce baiti kaza yana nufin abu kaza a rayuwar mawaƙi, ka tambayi kanka ko za ka iya kare wannan fassara da a ce ba ka san yadda ya ƙare ba. Idan ba za ka iya ba, to tarihi ka rubuta, ba ka kai ga nazarin waƙa ba tukuna.

Wanda ya sami dama ya nemi waƙar nan ya saurara, ba ta kai minti huɗu ba. Ya saurare ta a matsayin maganar magidanci ɗan shekara 23 da ke kwance kusa da matarsa, yana son ta, ya kuma rasa yadda za su ci gaba da zama. Sa'annan ya dawo ga waƙoƙinmu na soyayya da na aure ya bincika: su wane ne a cikin mawaƙanmu suka shiga wannan ɗaki, me suka gani, da wane salo kuma suka faɗe shi? Wannan batu ne da ya isa a yi kundi a kansa, kuma zan yi farin cikin duba shi.